Layin Fensir a Bayan Kabad Ɗin Hajiya Indo

Ƙarfe sha ɗaya da minti goma na safe, wata Laraba cikin watan Yuni. Ban taɓa mantawa da wannan lokacin ba, domin idona yana kan agogon bangon shago sa'ad da Malam Sahabi ya ɗora fensir a bayan kabad ɗin Hajiya Indo ya ja layi. Na ga layin, na kuma san a gefen da bai kamata ba ya ja shi. Malam ne ya ce in rubuta muku abin da ya biyo baya, ku da kuka shigo horon aiki bana, kafin a fara barin ku kusa da zarto.

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun tsara cikin gida, makaranta kuma ta tura ni horon aiki na makonni goma. Shagon yana nan inda kuka san shi, a gabashin Greensboro, sai dai a lokacin mu uku ne kawai. Malam Sahabi, mutumin Maraɗi, shi ne mai shago kuma babban kafinta, babu wanda ke yanka katakon mai kaya sai shi. Yaya Mustafa, wanda ya taso a zangon Kumasi, yana kula da wayoyin wuta da bututun ruwa. Ni kuma, Hindatu, awo da zane ne nawa. Sana'ar ita ce mayar da motar ɗaukar kaya ta zama motar kwana, da gado da wurin girki da wurin ajiya. Abin da aka san Malam da shi shi ne ba ya son sabon katako idan akwai tsoho. Mutum zai kawo teburin gidansa ko sif ɗin kakarsa, Malam ya rage masa tsawo ko zurfi, ya ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen mota, ya sa wa kowace durowa sakata don kada ta buɗe in an taka birki.

Tsarin aikin kuwa haka yake. Ranar da kaya suka iso, ni nake auna su, in auna cikin motar, in zana inda kowane abu zai zauna. Ina zare durowoyi in manna wa kowace lamba. Malam yana duba zanen sau ɗaya, ya ce "Bon," wato ya yi da Faransanci, ya ajiye shi, ba ya sake ɗauka. Shekara talatin yana kafinta, awo a kansa yake zama. Ni kuwa komai sai na rubuta, shi ya sa Yaya Mustafa ya sa mini Furofesa tun makon farko. Ba na yawan magana. A gida aka koya mini in babba yana magana a saurara, ni kuma dama halina ya zo daidai da hakan.

Hajiya Indo ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Mijinta ya rasu shekaru uku kafin nan, 'ya'yanta huɗu kuma sun watsu a jihohi huɗu. Ta sayar da gidansu na Summerfield ta koma ƙaramin gida a cikin gari, ta sayi mota don ta riƙa zagaya jikokinta. Ta ce ta gaji da jirgi, ta gaji da otal ɗin da ba ta san me aka dafa a tukunyarsa ba. Tana son inda za ta kwanta, ta dama kununta, ta shimfiɗa dardumarta. Kayan gidan duk ta rabar, sai abu ɗaya, wani kabad mai durowa shida, uku a hagu uku a dama, na katako mai nauyi irin wanda ake ƙerawa a yankin nan a da.

Ranar da aka sauke shi, ta sa aka juya mana bayansa. A can ƙasa, a gefe ɗaya, akwai rubutun ajami layi huɗu da baƙar tawada. Na durƙusa na karanta: Abdullahi, Maryam, Sadiƙu, Fatima, kowane da ranar haihuwarsa da watan Musulunci.

"Au, kina karanta ajami?" in ji Hajiya. "Allah Ya yi miki albarka. Hannun babansu ne. Wannan shi ne kayan farko da muka saya a ƙasar nan, na hannu ne ma. Duk haihuwa sai ya janye shi daga bango ya rubuta. Ya ce takarda ɓata take yi a wurin masu yawan ƙaura." Ta juya wajen Malam. "Ku yanka duk inda kuka ga dama, amma ban da nan."

"Hajiya, ko ƙura ba za ta taɓa shi ba," in ji Malam.

Wannan maganar ƙurar na ɗauka da gaske. Da yamma na samo takarda mai kauri na rufe bayan kabad ɗin gaba ɗaya, na bi gefunan da salatif. A can sama na rubuta da ƙananan haruffa wane gefe ne zai dubi gaban mota, wane ne zai dubi baya. Rubutuna ƙanana ne ƙwarai, duk malamaina sun yi kuka da shi.

Sai ku fahimci abin da za a yanka. A cikin kowace mota, daidai tayar baya, akwai tudu da ke shigowa ciki, muna ce masa tudun taya. Kabad ɗin zai jingina da bangon da ke bayan direba, ƙarshensa ɗaya ya hau kan wannan tudun. Don haka dole a yanke kusurwar ƙasa ta wannan gefen, a yi gurbin da tudun zai shiga. In kana tsaye a gaban kabad ɗin, gefen hagu ne. Rubutun yana ɗaya gefen, nesa da wurin yanka. Na auna sau uku, na zana, Malam ya duba ya ce, "Bon, hagu."

Ranar Laraba Hajiya ta zo ganin aiki, ta kawo mana fanke a kwano. Aka ba ta kujera kusa da ƙofa. Malam da Yaya Mustafa suka ɗaga kabad ɗin suka kifa shi a kan benci, fuska a ƙasa, baya a sama. Daga nan Yaya Mustafa ya shige ƙarƙashin motar da wayoyinsa. Duk wanda ya taɓa kifa kaya ya san hagu da dama musanya suke yi. Malam ya fi kowa sanin haka. Amma yana aiki yana hira, Hajiya tana ba shi labarin wani kafinta da ya taɓa yi mata gado mai ƙafa ɗaya gajera, suna ta dariya. Ya ja tef ɗin awo, ya ce, "Hagu," ya ja layi a hagunsa. Takardar da na manna ta rufe rubutun, babu abin da zai tuna masa.

Tsakanin jan layi da tayar da zarto an yi kusan minti takwas. Na san haka don na yi ta lissafa su daga baya. A cikin minti takwas ɗin nan abin da ke kaina shi ne: ga baƙuwa a zaune, babbar mace, tana yabon hannunsa, ni kuma makona huɗu a shagon. In buɗe baki in ce Malam ka yi kuskure? Na yi tari. Na ɗauko zanen na ajiye a gefen bencin, na tura shi kusa da hannunsa.

"Malam, ga zanen," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na haddace shi, Malama Hindatu."

"Ko za a ƙara dubawa?"

"An duba. Hajiya, kin ga 'yar nan? Ko ruwa za ta sha sai ta auna kofin."

Hajiya ta yi dariya, ni ma na yi murmushi. Sai na fara gaya wa kaina ƙila ni ce na rikice, ƙila akwai dabarar da ban sani ba. Na ce in ya ɗauko zarto zan yi magana. Ya ɗauko. Na ce in ya sa tabarau zan yi magana. Ya sa. Wayar Hajiya ta yi ƙara, ta fita waje don ta ji da kyau, na ce yauwa, yanzu zan faɗa. Kafin in haɗa kalmomin zarton ya tashi.

Yanka biyu ne, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, sannan ya bi ta gefe. Kusurwar ta faɗo ƙasa. Malam ya sunkuya ya ɗauka, takardar ta ɗage, ya ga tawada. Ya tsaya yana kallon ta kamar bai san mece ce ba. Sannan ya yaye sauran takardar a hankali. Layi biyu na sama suna jikin kabad, biyu na ƙasa suna hannunsa. Bakin zarton ya bi ta saman layi na uku, ya cinye kawunan haruffa da ɗigogin sunan Sadiƙu da ranarsa.

Hajiya ta dawo tana cewa jikarta ce ta kira. Malam bai jira ta zauna ba. Ya cire hularsa ta aiki, ya miƙa mata guntun da hannu biyu.

"Hajiya, na yi ɓarna. Inda kika hana, nan na yanka. Laifina ne, ni kaɗai."

Ta karɓa ta duba. Ta yi salati a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta shafa bakin yankan da yatsa, ta ce, "Babansu ba shi da yawan rubutu. Wannan ne kawai nake da shi." Ta ajiye guntun a kan kujerar, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce kada a ƙara taɓa komai sai ta kira.

Bayan Azahar na sami Malam yana zaune a kan benci, bai ci abinci ba. Na tsaya daga nesa kaɗan.

"Malam, na gani."

"Me kika gani?"

"Layin. Tun da ka ja shi na san ba gefen ba ne."

Ya ɗago ya dube ni. "Tun yaushe?"

"Sha ɗaya da minti goma."

Yaya Mustafa, da ke wanke hannu a bayanmu, ya ce, "Ei! Har minti ta sani, Masta."

Hawaye suka zo mini, na danne. Na ce, "Malam, ya ya kamata in yi? A gaban Hajiya zan ce ka yi kuskure?"

Ya tashi ya ɗauki tsintsiya ya fara share garin katako, aikin da ba nasa ba. Ranar Alhamis bai amsa ba, Juma'a ma haka. Yana gaishe ni kamar kullum, yana ba ni aiki, amma wannan tambayar ya bar ta a inda na ajiye ta. Yaya Mustafa ya ce kada in damu, Malam ba da ni yake fushi ba.

"To da wa?"

"Da hannunsa. Kuma ke ma, Furofesa, kina da abin mamaki. Mutum zai faɗa rami, sai ki rubuta masa wasiƙa?"

Ba a yarda mu taɓa kabad ɗin ba, amma ba a hana ni zane ba. Ƙarshen makon nan na yi shi a ɗakin karatu da takarduna. Matsalolin biyu ne. Kabad ɗin ba zai koma ɗaya bangon ba, don can ƙofar shiga take, saboda haka gurbin gaskiya dole a yanka shi, kuma ga wani gurbin banza a ɗaya gefen. Sai na lura gurbin banzan zai faɗo daidai bayan kujerar direba, yana kallon ƙofar shiga. In aka yi masa bango ta ciki, aka shimfiɗa roba a ƙasansa, ya isa takalmi biyu da buta. Rubutun kuma dama a tsarin farko bango zai fuskanta, ba wanda zai sake ganin sa sai an kwance noti. Allon bayan siriri ne, ƙananan ƙusoshi ne suka riƙe shi. Ana iya cire shi a sa sabo, a haɗa guntayen biyu a kan wani allo, a kafa su a jikin bangon motar kusa da gado.

Ranar Litinin na ajiye zanen a bencin Malam. Wannan karon ya ɗauka, ya daɗe yana dubawa, ya juya shi, ya auna da yatsa.

"Ke za ki nuna mata," ya ce. "Amma sai ta kira."

Ta kira ranar Laraba, mako guda cif. Ta ce za ta aiko a ɗauki kabad ɗin a mayar mata gida haka nan, motar kuma a yi mata da sabon katako. Malam ya roƙe ta ta zo da kanta ta ga abu ɗaya tukuna, in bai yi mata ba shi zai kai mata har ɗaki. Ta zo washegari da hantsi.

Na shimfiɗa zanen a gabanta. Na yi bayanin takalmi da buta, na yi bayanin allon. Da na gama sai na ce abin da ya kwana takwas a raina.

"Mama, ba laifin Malam kaɗai ba ne. Ni na rufe rubutun da takarda. Kuma na ga layin kafin a yanka, na kasa magana."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kunya?"

"E, Mama."

"Tarin nan da kika yi ta yi, shi ne maganar?"

Na sunkuyar da kai. Ta yi ajiyar zuciya, ta jawo zanen kusa. Ta tambayi tsayin da allon zai zauna, ko za ta gan shi tana kwance. Na ce za ta gani. Na ƙara da cewa ina iya cike kawunan haruffan da zarto ya ci, na gwada hannun mijinta a takarda har ya yi kama.

"A'a," ta ce. "A bar gurbin yadda yake. Abin da ya rubuta shi nake so, ko da rabi ne. Ranar haihuwar yaron nan ai ni na san ta fiye da kowa." Ta sake duba zanen. "Butar tawa doguwa ce, irin ta gida. Ki auna ta kafin ki yi mata ɗaki."

Da haka muka gane ta yarda.

Aikin allon ya ci mana kwana biyu. Malam ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar filaya, bai yarda guduma ta zo kusa ba. Muka yanko sashen rubutun da zarton hannu, da tazara mai yawa. Muka manna guntayen biyu da gam a kan allo mai kauri, muka bar faɗin bakin zarton a tsakaninsu daidai yadda yake, don layukan su tsaya a inda mai su ya ajiye su. Malam ya tsaga siririn katako mai haske ya cusa a tsagar. Ba mu shafa banish ba, na karanta cewa yana iya narkar da tsohuwar tawada, sai muka rufe da roba mai haske kamar gilashi. Durowar ƙasa ta wannan gefen muka rage mata zurfi, ta zama ta cokula da ashana.

Saura yankan gaskiya, gurbin tudun taya. Malam ya ce ba zai yi ba sai Hajiya tana nan. Ta zo ranar Talata, aka ba ta kujerar da ta zauna a kai wancan karon. Aka kifa kabad ɗin a kan benci. Malam ya kira Yaya Mustafa ya ce ya bar wayoyinsa ya fito. Ya ja tef, ya ja layi. Ya sa tabarau, ya ɗauki zarto, sai ya tsaya bai kunna ba.

"Malama Hindatu, ina jira."

Ban gane ba da farko. Yaya Mustafa ya nuna mini layin da haɓa. Na matso da zanena, na zagaya ta gefen da fuskar kabad ɗin take, na dafa kusurwar da hannu, na dawo na auna tsawo da zurfi.

"Daidai ne, Malam."

"Ban ji ba."

"Daidai ne!" Muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har Hajiya ta yi dariya.

"Wala, shi ke nan," in ji Malam. Amma bai kunna ba har yanzu. Ya ajiye zarton a kan benci, ya cire tabarau.

"Kin yi mini tambaya ran nan, ban ba ki amsa ba, don ni ma sai da na tambayi kaina. Da kin faɗa a gaban Hajiya, da na ji haushi. Ba zan yi miki ƙarya ba, da na ɗaure fuska har La'asar, ƙila har washegari. Shi ya sa kika ji tsoro, wannan kuma ni na jawo shi. To ga amsar, a gaban wadda muka yi wa ɓarna. E, a gabanta za ki faɗa. A gaban kowa, ko limamin gari ne a zaune. Haushina zai wuce, Hindatu, amma abin da zarto ya ci ba ni da inda zan samo shi. In kin ga layi a inda bai kamata ba, ki kira sunana da ƙarfi ki ce in tsaya. In ban ji ba, ga soket nan a bayanki, ki zare wayar. Girmamawar da nake so daga gare ki ke nan."